Ba a Amsa Kira Daga Dutse

A daminar da na dawo gida daga jami'a, ina jiran aikin da bai zo ba, taubashina ya ɗauke ni a moto, wato babur, zuwa dutsen da ke gabas da ƙauyenmu, a ƙasar Illela. Mu dutse muke ce masa, amma gaskiyar siffarsa ita ce tudu ne na jan marmara wanda ruwa ya tsaga biyu, ya bar wani lungu matsattse. Wanda ya yi magana a bakinsa, sai muryarsa ta komo masa daga gefen da bai zata ba.

Taubashin nawa ya ajiye ni, ya ce zai sauka gonar babansa, kawuna, su ƙarasa maimai, wato noma na biyu.

"Kai mushe, in dutse ya yi maka Faransanci ka hwaɗa muna mi ya ce." Mushe yake tsokanata da shi, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, aro daga Faransanci.

"Ai kai ko Hausa ya yi sai an fassara maka," na ce.

Ya tafi yana dariya. Ni kuwa so nake in gane daidai wurin da sautin yake juyowa, don haka na kutsa ciki ina tafi da hannu ina saurare. Ba zan iya cewa ga nisan da na yi ba. Na dai san bakin lungun ya ɓace mini. Nan wani dutse ya mirgina ƙarƙashina, ƙafata ta hagu ta zurma cikin tsaga har idon sawu, ta maƙale.

Na ja, na murɗa, na zauna na tura da ɗaya ƙafar. Sai fata kawai ke saluɓewa. Na duba talho in kira wani, babu rezo, layi ba ya kamawa. Da na ɗaga kai, na ga busasshiyar ciyawa da karare sun maƙale a bangon, sama da kafaɗata. Ruwan bara ne ya ajiye su can. A ɗan siririn sararin da nake hange kuma, gabas ta fara yin baƙi.

Na ƙwala wa taubashina kira da sunansa. Dutse ya maimaita, ya sake maimaitawa, ya kai shi har kwari, inda gonar take. Na tabbata ya kai, domin ina jin ƙarar hauyoyinsu, kuma na ji ta tsaya cak. Na jira. Sai ta ci gaba.

A lokacin ne abin da na sani tun ina yaro ya faɗo mini. A wajenmu ba a amsa kiran da ya fito daga dutsen nan, ko da muryar uwarka ce, sai ka ga mai kiran da idonka. An ce mutanen ɓoye kan ari murya. Ni ma an hore ni da haka, na kuma kiyaye. Yanzu ga ni a wancan gefen dokar. Duk abin da zan faɗa, cewa ni ne, cewa ƙafata ta kama, shi ne daidai abin da mai aron murya zai faɗa. Ina ƙara roƙo, ina ƙara ba su dalilin yin shiru.

Iska ta shigo lungun da ƙamshin ƙasa. Na yi ta neman kalmar da ba za a ce aro ba ce. Ban gane ta da wayo ba. Tsoro ne ya kai bakina gare ta. Na toshe kunne na soma kiran salla, ko da yake mun riga mun yi azahar, la'asar kuma da saura.

Ban taɓa jin kiran salla irin wannan ba. Kowace kabbara sai ta tarar da wadda ta gabace ta ba ta gama fita ba. Hauyoyi suka tsaya, wannan karon ba su ci gaba ba.

Kawu ne ya fara shigowa, yana addu'a a bayyane, ɗansa na biye da hauya.

"Subhanallahi! Kai na?"

"Ni ne, Kawu."

"To ƙarasa kiran, ba a barin shi rabi."

Na ƙarasa, su kuma suna haƙar gefen tsagar. Suka ɗaga dutsen da ƙotar hauya, ƙafar ta fito, takalmin ya zauna. Yayyafi ya same mu kafin mu kai baki.

Muna fake a ƙarƙashin wata bagaruwa, na tambayi taubashina ko ya ji kiran farko. Na ɗauka zai yi mini ba'a. Bai yi ba.

"Na jiya," ya ce, yana kallon ƙasa. "Har na aje hauya. Baba ya riƙe man hannu."

Kawu bai musa ba. Ya duƙa ya yagi gefen rawaninsa yana ɗaure mini idon sawu. A bayanmu jan ruwa ya fara kwararowa daga bakin lungun, da ƙara kamar ta garken shanu.