Farin Yadin Hajiya Gambo a Kan Sikeli

Cikin duk ranakun da na yi a teburin awon kaya, wadda har yau ban manta da ita ba wata Laraba ce a shekarata ta biyu da fara aiki. Ku da kuka zo aiki kwanan nan kun tarar ana faɗa a kaina cewa Rabi ba ta da sassauci a kan sikeli, ba ta ƙara ko rabin kilo, ba ta ragewa. To ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ofishinmu na shirya tafiye-tafiye yana Yalwawa, kuma yawancin aikinmu Umara ne. Tsarinmu shi ne matafiyi ya kawo kayansa kwana biyu kafin tashi. Mu duba fasfo da biza da katin allurar rigakafi, mu ɗora jaka a sikeli, mu ware magani da takardu zuwa jakar hannu, mu fitar da abin da za a ƙwace a filin jirgi. Muna yin haka ne don a gama rigimar a nan Dutse, kada a je Kano ana zazzage wa mutum jaka a gaban jama'a.

A makon da nake ba ku labari muka samu tafiyar da ba mu saba da irinta ba. Sista Saude, wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Limawa, ta yanki tikiti biyu zuwa Zanzibar, tsibirin nan na gabashin Afirka. Hutun mako guda za ta yi da mahaifiyarta, Hajiya Gambo, wadda ta taso daga Buji. Mahaifin Sista ya rasu shekara guda kafin nan, kuma tun daga lokacin tsohuwar ta daina cin abincin kirki, ko suna ba ta zuwa. Sista ta ce min so take ta raba ta da ɗakin nan ko na kwana bakwai ne.

Ni kaina ban taɓa ganin teku ba, babban ruwan da na sani shi ne na gadar Wudil. Amma na gyara zama ina zuba shawara kamar can aka yanke min cibiya: kaya marasa nauyi, silifas, malfa, lema, maganin sauro. Jakar Sista tsaf take. Da na buɗe ta Hajiya sai ga bargo, ga buta, ga kwano guda na garin kunu, ga kuka da daddawa da yaji.

Na ce, "Hajiya, can fa zafi ake yi, bargon nan ba zai yi miki amfani ba."

Ta ce, "Ke kin je?"

Na ce ban je ba.

"To bar min bargona."

A can ƙasan jakar na tarar da farin yadi a naɗe cikin leda. Ina gani na san likkafani ne, domin tsofaffin da ke zuwa Umara sukan tafi da nasu, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fuskar Sista kuwa nan take ta canja. Hajiya na fita yin alwalar azahar, sai Sistar ta jawo ni gefe.

Ta ce, "Don Allah 'yar'uwa ki taimake ni, ki ce jakar ta yi nauyi. Hutu zan kai ta, ba maƙabarta ba. Na yi magana a gida ta ƙi ji, amma in kika ce dokar jirgi ce za ta haƙura."

Tausayinta ya kama ni. Tikitinsu ya ba su kilo ashirin da uku a kowace jaka, ta Hajiya kuma ashirin da biyu ta nuna. Duk da haka na ce mata kada ta damu.

Da Hajiya ta idar da salla na ce, "Hajiya, jakarki ta haura da kilo biyu. In aka cire yadin nan shi ke nan."

Ta sunkuya ta ciro garin kunun ta ajiye a ƙasa, ta ce in sake aunawa. Na tsaya ta yadda zanina ya kare lambobin, na ce da saura. Ta ciro bargon da ta hana ni taɓawa ɗazu, ta ɗora butar a kai. Na sake cewa da saura kaɗan.

Sai ta ɗago ta dube ni. "'Yar nan, shekara talatin ina kai riɗi gaban masu sikeli. Kwanon garin nan kaɗai ya fi kilo biyu. Ba jakar ce ta yi nauyi ba." Ta ja zif ɗin ta rufe, ta juya ga 'yarta. "Saude, nemo min mota, Buji zan koma. Ki samu wata ƙawarki ku tafi."

Kunya ta rufe ni. Sista ta daskare a tsaye, tafiyar da ta yi wata da watanni tana shiryawa tana neman rushewa, kuma da bakina.

Manajanmu, Alhaji Sule, yana jin mu daga ofishin ciki. Ya fito ya leƙa sikelin, ya russuna ya gaida tsohuwar, ya ce, "Hajiya, kayanki ba su haura ba, tun farko ma ba su haura ba. Laifinmu ne, ki yafe mana." Ya sa aka kawo mata kujera da ruwa.

Hajiya ta karɓi kofin, ta juya ga 'yarta.

"Tare Malam babanki ya sayo mana, nasa da nawa, shekarar da muka sauke farali. Ya tafi da nasa. Ke kina ganin mutuwa nake kira wa kaina. Ni kuwa abin da nake hangowa, a ce kwanana ya ƙare a can, ke kaɗai, ba kya jin yarensu, kina yawo a kasuwar mutane kina neman farin yadi. In yana cikin jakata sai in yi barci, in ci abincinsu, in je in ga ruwan nan da kika dame ni da shi."

Sista ta share hawaye da gefen mayafinta. Ta durƙusa ta buɗe jakar, ta ciro ledar da hannunta, ta gyara naɗin. Sannan ta tambaye ni, "A babbar jaka ya fi ko a ta hannu?"

Na ce ta hannu, domin babbar jaka takan maƙale a hanya. Ta saka shi kusa da maganin hawan jinin mahaifiyarta.

Bayan sun tafi Alhaji Sule ya kira ni ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Rabi, yawancin masu zuwa nan ba su san jirgi ba, abin da muka faɗa shi ne doka a wurinsu. Ranar da suka gane muna cusa son ranmu a ciki, ko gaskiya muka faɗa ba za su yarda ba." Da ya zage ni ma da abin ya fi min sauƙi.

Sun je sun dawo lafiya. Sista ta ce min kullum da hantsi sai Hajiya ta tattare zani ta shiga ruwa zuwa ƙwauri, kuma kifinsu bai sha da daɗi ba a hannunta.

Don haka ku sani, za a riƙa zo muku da rigimar gida ana so ku kashe ta da sunan dokar jirgi, kuma mai roƙon yakan kasance mutumin kirki ne da ke cikin damuwa. Ku karanta musu lambar da sikeli ya nuna, ku tsaya a nan. In kun ga tsoho ya kafe a kan wani abu a jakarsa, ku tambaye shi dalili kafin ku ce a cire. Ni ban tambaya ba, saura ƙiris in mayar da baiwar Allah ɗakin da 'yarta ta sha wahalar fito da ita, ina ganin taimako nake yi.