Katin Baban Rifkatu a Kwallar Daddawa

Shekara shida ke nan da Baban Rifkatu ya riga mu gidan gaskiya, kuma har yau akwai tambayar da na kasa amsawa: da na miƙa katin nan, riƙe amanarsa na yi ko cin ta? Ni ban yi boko ba. 'Yata Rifkatu ce ke rubutawa, kuma tun yanzu ta ce in share hawaye, wai ba ta jin abin da nake faɗa.

Aikinsa tsara inda wayar gilashi za ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, daga Sabon Gari ta Kwangila har Samaru. Waya ce siririya kamar gashi, wai haske ke ɗaukar maganar mutane ta cikinta. Na yi shekaru ina ce masa "to", ban taɓa yarda ba. A ƙarshen wayar akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai wani kati mai faɗin faranti da ke ba sauran umarni. Ya ce katin ba ya aiki sai da lasisi, kuma da lambar jikinsa ake yin lasisin, ba ya hawa kan wani. Na ce ikon Allah, faranti na da lasisi, mijin Rifkatu na tuƙi babu. Ta ce ba za ta rubuta wannan ba. Na ce sai ta rubuta.

Ranar da ciwo ya kayar da shi, ya dawo gida da irin katin a cikin leda mai ƙyalli. Na ko-ta-kwana ne, an riga an yi masa lasisi, ya karɓo zai kai ofis da safe. Ya taɓa faɗa mini abin ba ya son ruwa, ba ya son ƙura. Na duba ɗakina kaf, ban ga inda ya kai kwallar daddawata tsaro ba, don ko ɓera bai taɓa cin galabarta ba. Na naɗe shi da zane, na sa a ciki na rufe.

Wata biyar bayan jana'iza, aradu ta ƙone katin da ke aiki. Samaru ta yi tsit. Ɗalibai suna ta ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. A kwana na uku sai ga Malam Sani, abokin aikinsa na unguwar Muchia, ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ya ce sun birkice ofis ba su ga na ko-ta-kwana ba, sabo kuwa kafin ya zo a yi masa lasisi sai an yi makonni.

"Mama, ko Injiniya ya bar miki wani abu?"

"Ya bar mini ciwon gwiwa da marayu," na ce.

"Mai ƙyalli fa, Mama?"

"Sani, kai kana da lasisin karɓa?"

Ya koma. Washegari ya dawo da takarda mai hatimi, ya manta ban iya karatu ba. Na riƙe ta a kife, na ce ba ta cika ba. Ba taurin kai ba ne. Maigidan bai ce in ba kowa ba, kuma abin da hannunsa ya miƙo mini na ƙarshe ke nan.

Maƙwabciyata Maman Talatu ce ta karya ni. 'Yarta na kan gwiwa a Jos, kwana huɗu ba labari. Ba ta roƙe ni ba. Ta zauna a tabarmata tana juya matacciyar waya a hannu.

Na aika wa Sani na ce zan bayar, amma da ni za a je. Muka hau Keke mai ƙafa uku, kwalla a cinyata, ban yarda Sani ya taɓa ba. A ofis na buɗe, samarin duk suka ja da baya suna toshe hanci. Aka zura katin. Wata 'yar fitila ta yi kore, suka yi ihu, ni kuma na fashe da kuka. Kafin mu iso gida an kira Maman Talatu, an haifi namiji a Jos. Sani ya ce har gobe in akwatin ya ɗauki zafi, ɗakin ƙamshin miyar kuka yake.

Da yana nan yau, da ya ga masu gyaran lambatu sun sa diga sun datse masa waya a Dogarawa, na san ko tuwo ba zai ci ba. Da kuma ya ga jikokinsa suna kirana ina kallon fuskarsu a waya, da ya ishe ni da "ba na faɗa miki ba?" To, Baban Rifkatu, na yarda. Haske ne.

Mutane na cewa na kyauta. Wataƙila. Samaru tana magana, kuma da hannunsa a ciki, ko da ba wanda ya sani. Sai dai ni kaɗai na ji abin da ya ce da ana sa shi a motar asibiti, ya leƙo ta taga:

"Ladi, ki ajiye mini shi. Gobe da kaina zan zo in ɗauka."