Kwalbar da Ta Fi Haske

Shekara tara ke nan, a wannan wata na Rajab, da Allah Ya karɓi ran maigidana. A Ikara, Malam mai rediyo ake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ban kama sunansa yana raye ba, ba zan fara yau ba.

A zauren gidanmu yake aiki. Daga Kudan, daga Makarfi, ana kawo masa tsofaffin amfilifayar masallaci, irin masu kwalabe a ciki, waɗanda sai sun yi ɗumi kafin murya ta fita. Manyan kwalaben biyu ne, shi ya sa yake ce musu Hassan da Husaini. Yau duk an kwashe su an sa na zamani, ga waya a aljihun kowa tana kiran salla. Nakan tambayi kaina, da yana nan me zai ce? Ina jin murmushi zai yi, ya ce muryar ta yi kaifi amma ba ta da ɗumi.

Wata hantsi ladanin wani masallaci a Kurmin Kogi ya kawo tasu, wai tana shaƙe masa murya. Na kawo fura, sai na tsaya bayan labule. Da aka kunna, kwalba ɗaya ta yi jajir kamar garwashi, ɗayar kuwa ɗan haske kaɗan.

"Malam, ga raguwar nan," in ji ladan, yana nuna mai ɗan hasken. "Cire ta, ka samo mana irin wannan jarumar."

Malam ya kai bayan hannunsa kusa da kowacce, bai taɓa ba. Ya ce, "Ladan, jarumar taka ita ke mutuwa. Wannan jan ba lafiya ba ce, wuta ce ta fi ƙarfinta."

Ya kashe, ya jira suka huce, ya sauya musu mazauni. Ya ce in zafin ya bi kwalbar, laifinta ne. In ya tsaya inda yake, laifin mazaunin ne. Da ya sake kunnawa, sai wadda aka kira raguwa ta fara ja. Ashe wani ɗan ƙaramin abu ne a ƙasa ya lalace, yana sakar wa mazaunin wuta fiye da ƙima. Ya canza shi. Ya ce, "Ko sabuwa fil ka dasa a nan, cinye ta zai yi."

Na ji wannan magana da kunnena, na kuma koma ciki ina alfahari da mijina. Shi ne babba a gidansu. Gonar gado a Janfalan shi, jinyar mahaifiyarsu shi, auren ƙanne shi, ga zaure. Kowa na cewa Malam ba ya gajiya, ni ce kan gaba wajen faɗa. Idanunsa sukan yi ja, ya ce hayaƙin dalma ne. Kansa ya yi ciwo, ya ce rana ce. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, ni kuwa fuskar nake kallo kullum ban tambaye ta ba. A gonar ya faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne, ya daɗe tare da shi. Kwana biyu ya yi. Na san ajali ba ya jira, na kuma yarda da ƙaddara. Amma kuskuren ladan ni ma na yi shi, kuma nawa ba ya gyaruwa.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne ɗana na fari. Tun yana shekara goma sha tara ya hau mazaunin ubansa. Yanzu gonar shi, jigilar rake daga Makarfi shi, makarantar ƙannensa shi. A wajen wani suna na ji wata tana cewa, "Ai wannan ubansa ne sak, ba ya gajiya." Da ya dawo na dube shi da kyau, na ga idanun sun yi ja irin na ubansa.

Na aika aka kira baffanninsa biyu, abin da ban taɓa yi ba. Bayan mun gaisa na ce musu, "Yayanku ya koya mini abu ɗaya. In wuri na cin mai zama, wurin ake gyarawa." Babbansu ya ce, "Yaya, mun ji." Bana su suka noma Janfalan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kayan aikin Malam sun yi tsatsa, kwalaben ma babu mai nemansu. Abin da ya rage mini nasa shi ne bayan hannu. Yaron nan ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa nuna na damu da shi a gaban mutane ba, saboda kunya. Ran Juma'ar da ta wuce ya durƙusa zai gaishe ni, sai na kai bayan hannuna goshinsa. Ya ɗago a firgice.

"Inna, lafiya?"

Na ce, "Zauna. Ran Litinin asibiti za mu, a auna ka."

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sanyaya makwancinsa, Ya huce masa duk zafin da ya ɗauka dominmu.