Jan Ƙyallen da Ya Cinye Mini Tumatir

Har yau idan na ga an ɗaura jan ƙyalle a jikin wani abu ana jiran babban mutum ya zo da almakashi, raina ɓaci yake yi. A Samnu na ɗauko wannan ciwo, wani garin lambuna da ke arewa maso gabas da Sabha, inda na yi noman tumatir a gonar wani dattijo Balarabe. Ƙasa da ruwa nasa, ƙarfi nawa, in an girbe mu raba. Da rabona na wannan shekara na ƙudurta komawa Damagaram in ga ’yata. Bayan na baro gida aka haife ta, ban taɓa ɗaukarta ba, a waya kawai nake ganinta.

Hajji muke ce wa dattijon. Da ƙuruciya direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, a can ya tsinci Hausarsa, gutsi-gutsi ce amma tana isar da saƙo. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai in ya ce abu “aib” ne, wato abin kunya, to ko katafila ba ta ture shi daga kan maganarsa.

Injin ban-ruwanmu tsoho ne mai shan man gazuwal, kullum yana tari, amma yana kawo ruwa. Ana nan sai aka ce ƙasar Sin ta aiko da taimakon famfuna masu aiki da hasken rana, kuma gonar Hajji tana cikin waɗanda aka zaɓa. Ma’aikata suka zo daga Sabha, suka zare tsohon bututu daga rijiyar, suka zura sabo, suka kafa faranta suna kallon sama. Da aka gwada, ruwa ya fito kaurinsa kamar cinyata. Na yi ta hamdala. Daga nan suka kashe, suka kulle akwatin makunni, suka ɗaura masa jan ƙyalle, suka ce baƙi za su zo daga Tarabulus mako mai zuwa a yi bikin miƙawa. Makulli suka ba Hajji. Shi kuwa don murna, a ranar ya yi wa wani surukinsa na nesa kyautar tsohon injin, aka ɗora a mota aka tafi da shi.

Tumatir ɗina a lokacin ya fara fure. Washegari na je na durƙusa na ce, “Hajji, a ba ni makulli in ba shuka ruwa.”

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. “La, la, ya waladi. Aib! Mutum kawo kyauta, bai ba ka da hannu ba, kai fara ci? Baƙo zo, ga abu tsoho? Jira.”

“Hajji, shuka ba ta san baƙo ba.”

“Bukra, bukra. Sabar.”

Wannan “bukra” tasa, gobe kenan, na ji ta har ta gundure ni. Mako ya zo ya wuce. Aka ce an rufe hanya. Aka ce jirgi bai sauka ba. Aka ce babban cikinsu ya tafi taro wata ƙasa. Ni kuma na koma jaki, ina tura baro cike da jarkoki daga gonar maƙwabci, wanda shi ma sai an kawo wuta yake samun ruwa. Wanda bai san yashin wannan yanki na Fezzan ba ba zai gane ba. Ka juye jarka, kafin ka miƙe ƙasar ta shanye tana neman ƙari. Ga rijiya a gabana cike da ruwa, ga rana tana dukan farantan nan a banza, ga makulli a aljihun dattijo yana ta kaɗa carbi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da na san yadda zan tsane shi. Tankar ruwa ya sayo mini, bai isa ba. Da tsufansa ya tattare jallabiya ya riƙa ɗaukar jarka tare da ni yana haki, yana ce mini in yi haƙuri, Allah yana tare da mu. Mutum ya yarda bayansa ya karye, amma ba zai murɗa makulli ba! Na yi tunanin fasa kwaɗon, ba sau ɗaya ba. To amma ba ni da takardar zama, kalma ɗaya daga bakin ’ya’yansa ta isa a watsa mini kaya waje. Ina kallo furen ya zube, ganye ya nannaɗe, kunya bayan kunya ta bushe.

Ranar da baƙin suka iso, an yanka raguna, an shimfiɗa darduma, an kafa tutoci. ’Ya’yan Hajji suka jera kujeru yadda baƙi za su ba wa busassun kunyoyina baya. Aka yi jawabi a kan zumunci da ci gaba, aka yanka ƙyalle, ruwa ya ɓalle, aka yi tafi. Ina gefe ina ƙunƙuni, sai na ji an ce, “Sannu da aiki, malam. Ina gajiya?”

Na waiga. Wani saurayi Basine ne cikin tawagar, tafintansu. Ya ce a jami’ar ƙasarsu ya koyi Hausa, kuma Hausar tasa tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo. Ya nuna bayan kujerun ya tambaye ni me ya sami shukar. Ban rage masa komai ba. Fuskarsa ta canza, ya je ya yi magana da babbansu, ya dawo.

“Malam, ka yi haƙuri, amma babu wanda ya ce kada a kunna. Ƙyallen don hoto ne kawai. Sauran gonakin duk suna ta ban-ruwa, jiya aka sake ɗaura musu sabo.”

Hajji yana kusa, ya ji komai, na zaci ƙasa za ta tsage ya shige. Ina! Gyara hularsa ya yi, ya ɗaga haɓa ya ce, “Su ba kunya. Ni akwai kunya.” Ya ja hannun saurayin ya kai shi wurin nama.

Da la’asar motoci suka tafi, aka bar ni da famfo yana ta kwarara a kan karmami. Na zauna a bakin rijiyar na kira matata. Ta ɗauka da murna, ta ce ta riga ta gaya wa dangi ina tafe, har ta ɗinka wa yarinya rigar tarbata. Na ce mata ta sa mata rigar kawai, kada ta ajiye, kafin baɗi za ta yi mata kaɗan.