Tantin Malam

Maigidana ba mutum ne mai roƙo ba. Na zauna da shi shekara da shekaru ban taɓa jin ya ce gishiri ya yi wa miya kaɗan ba. Ni ce mai baki a gidan, kuma duk unguwarmu a Tambuwal an shaida. Abu ɗaya tak na san ya ƙwallafa rai a kai, shi ne ya kwana cikin tantinsa a daji tare da iyalinsa.

Hedimasta ne na firamare, kowa Malam yake ce masa, har ni. Tun yana ƙaramin malami aka tura shi kwas na 'yan sikawut, ya dawo da wani koren tanti naɗe a jaka, da igiyoyinsa da turakunsa na ƙarfe. Aka cusa shi ƙarƙashin gado. Kowace shekara sai ya jawo shi ya shanya a rana, ya shafa wa turakun mai kada su yi tsatsa, ya naɗe ya mayar. Sau ɗaya ya taɓa kafa shi a tsakar gida don yara su gani. Kafin ya gama ɗaure igiya ta ƙarshe maƙwabta sun cika zaure suna tambaya ko haihuwa aka yi ba a faɗa musu ba. Bai sake ba.

To sai ga shekarun arzikin man fetur, lokacin da kowane malamin makaranta ya hau babur, wasu ma suka yi mota. Malam ya samu akori-kura ta hannu, fara, mai tari da safe kamar tsoho. Dogon hutu ya zo cikin damina, an gama noma na biyu, gero ya fara fitar da kai, babu abin yi sai jira. Ran nan ina gindin murhu ya fito da wata takarda mai faɗi yana murmushi.

"Uwar yara, zo ki gani."

"Tuwo nika tuƙi, Malam. In ya yi gudaji kai za ka ci shi."

"Zan ci. Zo dai."

Taswira ce ya zana a bayan tsohuwar kalandar makaranta, da jan biro da shuɗi. Kwana biyar ya tsara. Za mu bi ta Dogon Daji zuwa Sifawa yara su ga inda magabata suka zauna, mu shiga Sakkwato mu ziyarci Hubbare, mu kewayo ta Gwandu, sannan mu gangara kudu, garinsu Kebbe, har bakin gulbi inda ya yi wanka yana yaro. A kowane masauki ya zana ɗan tanti ƙarami da shuɗi. Na ƙirga su, guda biyar.

Na ce, "Wanga fa mi ke nan?"

"Nan za mu kwana."

"A daji? Cikin damina? Da ɗiya fuɗu? Sauro ya aiko maka takardar gayyata ne?"

Ya yi dariya, amma bai naɗe takardar ba. Da na ga haka na san da gaske yake.

A lokacin shekarata ta biyu ke nan a ajin yaƙi da jahilci. Na shiga ina da 'ya'ya huɗu, ina zama kan benci ɗaya da mata sa'o'in ƙannena, kuma ban ji kunyar kowa ba. Hannuna ya fara saba wa fensir, amma ban taɓa rubuta abin da ya wuce layi uku ba. Bayan an ci tuwo na ɗauko littafina na ce ya karanto mini garuruwan ɗaya bayan ɗaya. Yana faɗa ina rubutawa, a gaban kowane gari kuma ina sa wanda muke da shi a can. Dogon Daji, ƙanwar uwata. Sifawa, wani dattijon malami da suka yi karatu da mahaifinsa a zaure ɗaya. Sakkwato, wansa uwa ɗaya uba ɗaya. Gwandu, dangin uwarsa, gida uku. Sai da na cika shafi na juya. Rubutu mafi tsawo da na taɓa yi ke nan, kuma na yi shi ne don in rushe wa mijina shiri.

Wanda bai san mu ba zai ce mene ne a ciki. A wajenmu ba a wuce garin da ake da ɗan'uwa ba a tsaya ba. In dare ya yi maka a kusa da shi kuma ka kwana wani wuri, to ka gaya wa duniya cewa kun ɓata, ko gidansa bai kai ka kwana ba. Balle a ce ka kafa ƙyalle a bayan gari ka shige da matarka da 'ya'yanka. Wannan magana sai ta kai jikoki ana yin ta.

Na miƙa masa littafin. Ya karanta a hankali yana bin layin da yatsa, kamar yadda yake duba aikin 'yan aji uku. Sai ya ɗauki jan biro ya soke tantin Dogon Daji. Ya soke na Sifawa. Ya soke na Sakkwato, ya soke na Gwandu. Ya rage na bakin gulbi, ya tsaya da biro a sama.

Na ce, "Gwaggo fa?"

Gwaggo yayar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi bayan uwarsa ta rasu. Daga ƙofar gidanta a Kebbe zuwa gulbin, ko tsohuwa za ta je ta dawo kafin tukunya ta tafasa. Ya soke na biyar ɗin ma. Ya ce, "Kin yi gaskiya. Rubutunki kuma ya yi kyau." Ya naɗe kalandar ya sa a saman kabad.

Na yi nasara, amma ban ji daɗinta ba. Da ya yi mini musu da na samu abin da zan kama. Washegari na gan shi ya jawo jakar tantin daga cikin kayan tafiya da ya riga ya haɗa, ya durƙusa yana tura ta ƙarƙashin gado. Ya fara furfura a ƙeya, ranar na lura. Mutumin nan duk wanda za a kai asibiti shi, duk wanda za a rubuta wa takarda shi, kayan gona na dangi duka a bayan motarsa suke tafiya. Abu ɗaya ya nema, ni kuma na zauna da fensir na hana shi.

Ranar kasuwa na ce masa za ni Kebbe gaida Gwaggo. Na hau motar 'yan kasuwa da ƙullin goro da sabulu. Na same ta a rumfa tana kaɗi. Na durƙusa muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwan sama a wajenmu, ta sa aka dama mini fura. An san suruka da kunya, ana kewaye-kewaye kafin a kai ga magana. Ni ban iya ba. Ina ajiye ludayi na faɗa mata abin da ya kawo ni.

Ta ajiye mazari. "Ɗan ƙanena shi kwana bakin gulbi awa mafarauci, ina raye, ga ɗakuna? Mi munka yi mishi?"

"Ba ku yi mishi komai ba, Gwaggo."

"To ke kinka sa shi. Dama an ce tun da kinka shiga boko kanki ya yi zafi."

"Kaina da zafinsa anka kawo ni gidanku, kun sani. Wanga ba nawa ba ne, ni ma hana shi na yi. Amma ku gaya mini, tun da kunka yaye shi, mi ya taɓa roƙonku?"

Ta shiga murza audugar da ke hannunta. Na ɗauka korata za ta yi. Can sai ta ce, yana yaro in an tura su tsaron tsuntsu a gonar gero, sauran yara gudu suke yi gida da yamma, shi kuwa sai an je an fito da shi daga bukkar kara da bulala. Ta ce har ƙofa yake yi wa bukkar, da ƙaramin murhu. Ta yi dariya har ta goge ido da gefen zane.

Sannan ta ce, "Ba shi kwana daji mutane su ce ya guje ni. Sai dai in ni ma ina can. Inda nike, nan ne gida. Wa zai ce ya ƙi gidan gwaggo tai, ga gwaggo tai zaune?"

Ban taɓa tunanin haka ba. Na dawo Tambuwal na sauko da kalandar daga kan kabad, na ɗauki shuɗin bironsa na sake zana tanti a bakin gulbi. Nawa ya fi kama da tulu a kife. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya je ya jawo jakar.

Mun yi tafiyar. Na yi mana guzurin hoce da dakuwa da ƙuli-ƙuli, amma kusan da su muka dawo, don ko'ina muka tsaya sai an yanka kaza. A Sifawa Malam ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya yana ba yara tarihi kamar yana gaban allo, su kuwa hankalinsu na kan mai rake. A Hubbare na yi addu'a na daɗe, har yara suka fara jan mayafina. Motar ta kafe a laka kafin Gwandu, manoma suka bar gona suka turo mu. Dare huɗu muka kwana a ɗakunan dangi, kan gadajen da aka tashi masu su don mu. Kowane dare tantin na bayan mota a naɗe.

Rana ta biyar bayan la'asar muka ɗauki Gwaggo a Kebbe, da tabarmarta da butarta da wata ƙatuwar tukunyar tuwo da ta ce ba ta yarda da girkin risho ba. Gulbi ya kawo, ruwan ja wur, yana tafe da rassan itace. Malam ya zaɓi wani tudu nesa da ruwa, ya hana kowa taɓa igiya. Shi kaɗai ya buga turakun da dutse, yana ja yana gwadawa, gumi na zuba. Da tantin ya miƙe ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka ba shi hedimasta.

Ya ce, "Gwaggo, bismilla, ku fara shiga."

Ta sunkuya ta shiga, ta shimfiɗa tabarma, ta jingina da ƙunshin kayanta, ta kira 'ya'yanmu mata biyu suka zauna gefenta. Sai a lokacin na ga abin da duk lissafina bai hango ba. Tantin ba ya cin fiye da mutum huɗu, kuma ƙaton magidanci ba ya kwana ɗaki ɗaya da gwaggonsa. Shi ma ya gani. Na hango shi yana janye tamfol a bayan akori-kura, yana share wa kansa wurin kwanciya tsakanin taya da jarkar ruwa. Ba zai ce komai ba, na san shi. Zai kwana a mota yana kallon tantinsa daga waje, da safe ya ce an gode Allah.

Rana ta kusa faɗuwa. Na je ƙofar tantin na durƙusa.

"Gwaggo."

"Mi kuma?"

"Ku fito."

'Yan matan suka zaro ido. A duniya ba a taɓa jin matar ɗa ta ce wa suruka ta fito daga inda ta shimfiɗa ba.

"Ni kika kora?"

"Ku nika roƙo. Ni da ku da ɗiya mata mu hau mota, akwai tamfol, akwai katifa. In kunka kwana nan, shi bai kwana ba, wahalar banza munka yi ni da ku."

Ta leƙa ta kan kafaɗata, ta hango shi yana kakkaɓe buhu zai shimfiɗa. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Wallahi ke ba ki da ta ido. Wanda ya haife ki ya huta da aike." Ta miƙo mini hannu. "Ɗaga ni. Dama abin wari shika yi awa tsohon buhun albasa, ga zafi. Sai shi da ya saba da bukka."

Na ɗaga ta. Ta fito tana ƙwala masa kira da sunan da take kiransa tun yana yaro, wanda ba zan rubuta ba. "Zo ka shiga ɗakinka kafin matarka ta rushe shi a kaina!"

Ya zo yana sosa ƙeya, yana cewa a'a Gwaggo, ku zauna, mota ta ishe ni. Ta ɗaga masa buta kamar za ta jefa. Bayan sallar magariba ya cire takalmi a ƙofar tantin, ya jera su, ya sunkuya ya shiga, 'yan mazan biyu na biye da shi. Muna bayan mota muna jin yana nuna musu yadda ake ɗaure ƙofa daga ciki.

An yi ruwa kafin gari ya waye. Mu tamfol ya tsare mu sarai. Da hantsi ya fito daga tantin yana dafe da baya, gefen rigarsa sharkaf, goshinsa duk cizon sauro. Gwaggo na zaune kan tabarma tana ɗumama tuwo, ta ce, "To, mafarauci, ƙaƙa daji?"

Ya ce, "Yana yoyo ta kusurwa ɗaya."

Na ce, "Sai a yar da shi."

"A'a," in ji shi, da sauri har ya ba mu dariya. Ya zauna a ƙofar tantin ya miƙe ƙafa yana kallon gulbi, ya ce in ba za mu damu ba, kada a kwance shi sai bayan azahar.