Watan da Na Rantse Na Gani

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu da ke bayan Nguru, kwana tara bayan ƙaramar Salla. Mu uku ne: ni, da aminina, da ƙanin matata mai sana'ar ɗaukar hoto. Gashuwa muka nufa, kuma ba kasuwa ce ta tashe mu ba.

Shekara ashirin ke nan ni ke duba wa ƙauyenmu wata, kamar yadda mahaifina ya yi. Ranar ashirin da tara ga azumin bana na hau tudun yashi bayan faɗuwar rana, na ga wani siririn farin layi a yamma. Na nuna wa aminina, ya ce ya gani. Muka je gaban liman muka rantse, shaida biyu suka cika. Washegari muka yi idi, alhali mutanen Nguru suna cikin azumi, rediyo kuma bai ce an ga wata a ko'ina ba. Tun daga nan gaisuwar mutane ta gajarce. Ƙanin matata yana kan tudun a ranar, ya ɗauki wurin da na nuna har sau uku, amma a ɗan gilashin kyamararsa ba a ganin komai sai jan sama. Shi ya ce akwai wani malamin kimiyya a Gashuwa mai kwamfutar da ke fito da abin da ya ɓuya a hoton sama. Na ce mu je in wanke kaina.

A tashar Nguru muka sha koko da ƙosai. Kuɗin mota bai sauko ba tun na Salla, ƙosan ma ya ƙanƙance. Muka samu tsohuwar bas, an cika bayanta da kwalayen banda, ƙaurin kifi ya kama tufafinmu tun ba mu bar gari ba. Hanyar kuwa sunan kwalta kawai ya rage mata. Direba ya fi tafiya a cikin yashi a gefenta. Duk ramin da muka faɗa sai ƙanin matata ya ce, "Yaya, kai da ke hango wata, hango mana na gaba mana." Aka yi ta dariya. Aminina kaɗai bai yi ba, yana ta jan carbi.

Ana girbin gero a kan tudu, amma dammunan ba su da kauri. Ta wajen fadama, inda na san ana noman shinkafa, ciyawar kacala ta cinye wurin, sai tsuntsaye. A Jajimaji muka sayi fura da nono da dafaffiyar gyaɗa, na kasa shan rabin tawa.

Da hantsi muka shiga Gashuwa. Mun sami malamin a gida, amma babu wuta. Muka zauna a gindin darbejiya muna sauraren maƙwabtansa suna hira da Badanci, yaren mutanen yankin, har azahar. Da muka gaji muka sayo galan ɗin fetur aka tayar da janareto.

Malamin mutum ne mai sanyin magana. Ya zare ɗan katin kyamarar ya sa a kwamfuta, ya buɗe abin da ya kira manhajar duba hotunan sama. Ya fara nuna mana hotunan jinjirin wata na gaske da yake da su a faifai. Sannan ya kawo namu. Jan sama kawai. Ya riƙa jan wata 'yar kibiya a jikin gilashin kwamfutar a hankali, ja ya koma toka, toka ta yi duhu, sai ga farin layina ya fito, a lanƙwashe, da tauraro ɗaya a samansa.

Na miƙe tsaye na ce, "Allahu Akbar! Ga shi nan!"

Ya ce, "Zauna, Baba, ba mu gama ba."

Ya jera hotunan uku, ya sa suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya a wuri guda, kamar ƙiftawar ido. Ya ce in kafa idona a kan tauraron. Tauraron yana sauka kaɗan kaɗan, yana bin rana. Layin kuwa gefe yake tafiya, wajen kudu. A hoto na biyu ya yi faɗi, a na uku ya tsinke gida biyu. Ya ƙara girmansa har ya zama 'yan dabbare-dabbare kamar saƙar tabarma, ya ajiye jinjirin gaske a kusa. Na gaske bakinsa kaifi ne kamar lauje. Nawa ya yi buzu-buzu kamar auduga.

Ya ce, "Da wata ne, da tare za su sauka da tauraron. Wannan iska yake bi. Gajimare ne da rana ta haska daga ƙasa."

Ya ce in karanta lokacin da aka rubuta a ƙasan hotunan, in ga minti nawa ke tsakani. Na san lambobi, mun koye su a ajin yaƙi da jahilci. Na matsa kusa, na ja baya, na goge ido. Hazo kawai nake gani. Malamin ya dube ni ya ce in daure in je a duba mini ido, yana zaton yanar ido ce ta fara kama ni. Ya sa aka kawo mana shinkafa da miyar tarwaɗa. Miyar ta yi, in ji ƙanin matata. Ni ban ji ɗanɗanonta ba.

A hanyar dawowa babu wanda ya tsokane ni. Mun wuce Jajimaji aminina ya sunkuyo ya ce, "Malam, ni fa ban ga komai ba ranar. Yatsanka na bi. Shekara biyar ke nan idona ba ya kaiwa, amma na ce tunda kai ne." Shaida biyun da liman ya karɓa ashe ido ɗaya ne, shi ma ya lalace. Na fara lissafin shekarun nan biyar a zuciyata, sai na daina, domin babu hoton da zan kai Gashuwa a duba mini su.

Mun iso gida daf da magariba. Bayan salla na tsayar da liman a ƙofar masallaci na faɗa masa komai. Sai ya ce ranar Juma'a zai sanar kowa ya rama azumi ɗaya. Ya ce ba sai ya ambaci suna ba. Na ce ya ambata, ai ba a ɓoye na yi rantsuwar ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da daɗi. Ban yi ƙarya ba, amma na ciyar da gari guda abinci da rana tsaka a cikin Ramalana, tsofaffi da masu rauni za su sake jin ƙishirwa saboda ni. Mutane sun yarda da ni har sun daina ɗaga kai sama, ni kuma na yarda da idona har na daina tambayarsa. Gobe zan tashi da azumin ramuwa. Nan da kwana ashirin za a nemi sabon wata, ban kuwa san wanda zai hau tudun ba. A duk ƙauyenmu ban koya wa kowa inda ake dubawa ba.