Jakar da Suruki Ya Karɓa

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya na manta su, amma safiyar Asabar ɗin da muka hau dutse a hanyar Ɗa'if, ni da mahaifiyata da mijina, wannan kam sai dai in an sa ni a kabari. Yaran da na bari suna barci a gida ran nan yanzu sun fi ni tsawo, amma har yau in na ji ƙirjin wani yana fito sai gabana ya faɗi.

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, a nan aka haifi Umma ma, kakanninmu ne suka zo daga Kano aikin hajji suka zauna. Mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin fasa dutse da gini, ƙurar ta cinye masa huhu. Shekarunsa na ƙarshe da na'urar iska ya yi su a gefen gado, wadda wata ƙungiyar taimakon masu ciwon huhu ta ba mu kyauta. Bayan rasuwarsa sai ƙungiyar ta shirya hawan dutsen Hada da ke hanyar Ɗa'if, ta tsohuwar hanyar raƙuma, kowane mai hawa ya nemo mutanen da za su ba ƙungiyar sadaka da sunansa. Ni da mijina muka shiga. Umma na jin labari ta ce da ita za a yi.

To ita kanta tana da asma. Na yi faɗan, na yi lallashin, kamar ina magana da bango. Likitanta ma bai goya min baya ba, ya ce tafiya za ta yi mata amfani, in dai za ta bi a hankali kuma ba za ta rabu da ɗan abin fesawarta ba, wanda mu a nan muke kira bahhak. Shi ke nan Umma ta samu lasisi. Ba gidan suna ko na walima da ba ta shiga ba daga Hindawiyya har unguwar Misfala tana shelar za ta hau dutse don marigayi. Mata suka yi ta bayarwa, wasu don Allah, wasu don su ga ko da gaske tsohuwar take.

Muka fara atisaye a Dutsen Saur, ni da ita kawai, duk Asabar bayan sallar asuba, don mijina yana aiki a otal kuma ba ya samun hutun safiya. Kullum bahhak ɗinta yana aljihun abayarta. In ƙirjin ya ɗan matse ta zauna a kan dutse ta shaƙa, ta huta, mu ci gaba. Har na fara yarda cewa ni ce mai tsoron banza.

Sai na faɗi yadda Umma take da mijina, in ba haka ba ba za a gane abin da ya biyo baya ba. Ƙawayena da yawa a Makka iyayensu mata suna zama da surukansu a faranti ɗaya a ci shinkafar mandi ana hira. Umma ba ta cikin waɗannan. Kunyar Kano ta kakarta ta riƙe, ba ta rage ko ƙwayar zarra ba. Ba ta ci a gabansa, ba ta sha, ba ta kama sunansa, "mutumin naku" take cewa. Shi ma gwanin ne, in ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa idonsa a ƙasa. Ni kuma ta hore ni tun ina amarya cewa mace ba ta kiran mijinta gatsal, don haka da sunan ɗanmu nake kiransa, Abu wane, yadda ake yi a garin. Mutane biyu ne masu ƙaunar juna ƙwarai, amma ba na jin sun taɓa haɗa ido.

Da ranar hawan ta matso, muka ce ya kamata mu gwada dutsen Hada ɗin kansa. Mijina ya samu hutu ya kai mu a mota. Wannan ne karo na farko da muka fita mu uku. Can ba kamar cikin Makka ba ne, muna fitowa daga mota wani sanyi ya ratsa mu. Umma ta san da haka, shi ya sa ta sa wata abaya mai kauri, kuma ashe wannan ba ta da aljihu.

Tana rataya jakarta sai mijina ya matso, kansa a sunkuye, ya miƙa hannu biyu.

"Hajiya, kawo shantar. Ba za ki ɗauki kaya ina nan ba."

Na ga ta riƙe igiyar jakar na ɗan lokaci, bakinta ya motsa kamar za ta yi magana. Sai ta sake masa, ta ce, "Allah ya yi albarka." Ya karɓi tawa ma, wadda wayoyinmu da ruwa ke ciki. Ni abin nema ya samu, har ina tsokanarsa wai yau mun yi ɗan dako. Ya ce zai yi gaba ya jira mu a wata inuwa da ke sama. Na san dalili, so yake ya ba Umma wuri ta yi hakinta, ta zauna in ta gaji, ba tare da suruki yana kallo ba. Ya saɓa jakunkuna ya yi sama, ba a jima ba ya ɓace mana a kwana.

Da farko lafiya lau. Umma tana ta ba ni labarin wata maƙwabciya da ta ce in har ta kai ƙololuwa za ta yanka mata kaza. Iska na busowa daga sama mai sanyi, tana kuma kwaso hayaƙin wasu da suka hura itace a gefen hanya suna dafa shayi. Mun yi nisa sosai, motarmu ta koma 'yar mitsitsiya a ƙasa, sai na lura labarin ya tsaya. Umma ba ta yin shiru haka kawai. Na waiga na gan ta dafe da dutse, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, ƙirjin yana wani siririn fito.

"Umma, zauna ki shaƙa. Ina bahhak ɗin?"

Ta ɗaga haɓa ta nuna sama, inda mijina ya bi.

Na ce, "A cikin shanta? Kuma kika ba shi?" Ta ce a guntule, kalma ɗaya numfashi ɗaya, wai tun daga ƙasa ta so faɗa, amma yaya za ta yi, yaro ya miƙo hannu. Daga baya na gane ta daɗe tana jin matsewar, tana ta yi min hira don kar in gane.

Na juya zan ƙwala kira, ta kama bakin abayata.

"Kar ki kira shi. Zai wuce. Kar ya gan ni haka."

Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba sai ran nan. Na ce, "Umma, kunyar nan ce za ta kashe ki! Halas, sake ni!" Na fizge rigata na shiga kiran Abu wane, Abu wane, iya ƙarfina. Iska ta kwashe muryar ta yi gabas da ita. Ba kowa a hanyar, sai wasu birai a kan dutse da suka tsaya suna kallona. Masu shayin sun yi mana nisa a ƙasa, shi kuma ban san iyakar nisansa a sama ba. Ba waya, ba ruwa.

Na dawo kanta. Fiton ya fara raguwa, ni kuwa na yi jinyar mahaifina, na san raguwar nan ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina shiga. Leɓɓanta sun canza launi. Idonta ya yi irin na Baba a makonsa na ƙarshe, a buɗe, yana roƙon abin da ba ka da shi. In na bi mijina da gudu, zan bar ta ita kaɗai, wataƙila in dawo in tarar ta cika ba mai yi mata kalmar shahada. In na zauna, ina kallo za ta tafi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Na jingina ta da dutse a zaune, na ce kar ta kwanta. Akwai wani ƙaton falalen dutse a kwanar, na haye shi da hannu da gwiwa, inda zan iya ganinta kuma in ga sama. Can na hango shi, ɗan ƙarami, yana tafiyarsa hankali kwance da jakunkuna biyu. Na sa hannu a baki na kira sunansa na yanka, tsirararsa, a gaban uwata. Na yi ta maimaitawa har muryata ta dishe.

Ya tsaya cak. Daga baya ya ce min tun farko ya ɗan ji kamar ana kira, ya ɗauka wasu ne, don Abu wane sun yi yawa a ƙasar. Amma da ya ji sunansa a bakina, bai tsaya tambaya ba, ya san mutuwa ce ko ƙanwarta. Na ga ya juyo da gudu a kan tsakuwa, ya zame ya faɗi, ya tashi ya ci gaba.

Ya iso yana haki, wandonsa a yage, jini na bin ƙwaurinsa. Sai kuma me? Yana ganin Umma a zube ɗankwalinta ya zame, ya ja birki daga nesa, ya kau da kai, ya miƙo min jakar ta baya. Na ce, "Kai ma? Ku biyun nan za ku haukata ni! Zo ka riƙe ta!"

Na zazzage jakar a ƙasa na ɗauko bahhak. Don gaggawa na fesa na farko a iska. Umma ta sulale gefe, ba ta iya riƙe kanta balle ta ja numfashi daidai da fesawar. Nan ya durƙusa ya tallabo kafaɗunta ya miƙar da ita. "Bismillah, Hajiya. Idan na ce ja, ki ja. Yalla, ja." Na fesa. Muka jira. Muka sake. Fiton ya dawo kaɗan, ban taɓa zaton zan yi murna da wannan ƙarar ba. Amma ƙirjin bai buɗe yadda ya saba ba, ko ruwa ta kasa kurɓa.

Ya kira motar asibiti. Suka ce suna tafe, amma a bakin titi za su tsaya, in za mu iya sauko da ita mu fara, kar mu jira. Ya dube ni, na dube shi. Sai ya juya mata baya ya tsuguna.

"Hajiya, hau."

Da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta girgiza kai. Ya ce, "Ya Ummi, ke uwata ce, Allah ma ya halatta min in goya ki. In mun sauka ki yi min hukuncin da kika ga dama. Amma yanzu ki hau." Ban jira amsarta ba, na ɗora ta, na cire mayafina na ɗaure ta a bayansa kamar jaririya.

Saukar ta fi komai wuya. Hanyar duk tsakuwa ce mai zamewa, gefe ɗaya rami, shi ga ciwo a gwiwa. Ina biye da su hannuna a bayanta, ina jin kowane numfashi da take ja. In ta yi shiru sai in ce, "Umma, matsa hannuna," ta matsa. Sau ɗaya ƙafarsa ta goce, muka tafi gaba ɗaya, ya kama wata ƙaya da hannu ya tsaya, bai ko ce wash ba. Mun kusa ƙasa na ji tana motsa baki a kafaɗarsa. Na kasa kunne ina zaton shahada take, ashe cewa take, "Na shiga uku, yau ina zan sa kaina." Sai na fashe da kuka da dariya lokaci guda, don na san wanda ya samu bakin mita ya samu numfashi.

Kwananta biyu a asibiti. Likita ya soke maganar hawan dutse, ni da mijina muka hau a madadinta ranar taron, shi yana ɗingishi. Labari kuwa ya riga mu isa Hindawiyya, mata suka yi ta zuwa dubiya suna ƙunshe dariya, wasu har suka ƙara abin da suka ba ƙungiyar.

A daren farko a asibitin ban iya haƙuri ba, na tambaye ta me ya hana ta cewa ya tsaya ta ciri abu ɗaya. Ta ce, "Gani na yi in na buɗe jakar a gabansa, kamar na ce ban yarda da shi ba ne." Hawaye na gangarowa ta gefen abin iskar da ke hancinta. "Shekara nawa ina zaune gefen ubanki yana neman numfashi ɗaya bai samu ba. Ni kuma ga nawa a hannuna, na ɗauka na miƙa don kar a ce ban iya surukuta ba."

Mijina yana bakin ƙofa, ya ji. Bai shigo ba, daga can ya ce, "Ni ma da na tambaya, Hajiya."

Ban fito daga wannan rana ina ƙin kunya ba, da ita aka raine ni kuma ina son abata. Abin da na koya shi ne girmamawa ma tana iya kisa in ba a haɗa ta da tambaya ba. Mutum biyu suka yi wa juna ladabi iya ladabi, saura ƙiris in rasa uwa a tsakaninsu. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana, in kun ga babba da kaya ku karɓa, amma kafin ku yi gaba ku tsaya ku ce, akwai abin da za ki buƙata a ciki? Ku kuma jira amsar, don wani babban ba zai faɗa ba sai an tambaye shi sau biyu.